Dashen haƙori ga mai cizon haƙora: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu cizon haƙora cikin barci ba su san suna yi ba, sai wanda suke kwana ɗaki ɗaya ya gaya musu. Wasu kuwa sai turmi ya tsage biyu an cire shi, sannan likita ya faɗa musu dalili. Irin waɗannan mutane sukan zo neman dashe, kuma a bakinsu ne dashen ya fi shan wuya.

Kafin a shiga tambayoyin, a san cewa dashe sassa huɗu gare shi. Akwai gindi, wato ƙarfen titaniyum mai zare da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Akwai wuya, wanda ke hawa kan gindin ya ratso dasashi. Akwai ƙaramar kusa mai zare da ke ɗaure wuyan da gindin. Sai hula, wato haƙorin da ake gani ake tauna da shi.

Ina cizon haƙora da dare. Za a iya yi min dashe?

Za a iya, ana kuma yi wa mutane da yawa irinka. Cizon haƙora ba ya cikin abubuwan da ke hana dashe gaba ɗaya. Sai dai yana ƙara haɗarin lalacewa, saboda haka tsarin aikin bakinka ba zai zama ɗaya da na wanda ba ya yi ba. Dashe kuma ba ya maganin cizon. Ƙarfin da ya fasa haƙorinka na asali yana nan, kuma shi ne zai sauka kan sabon.

Ai ƙarfe ya fi haƙori ƙarfi. Me zai sa ya kasa?

Ba a taurin ƙarfen matsalar take ba, a yadda yake zaune cikin ƙashi take. Haƙorin asali ba manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wata siririyar tantani mai kaurin kusan milimita 0.2, cike da zare-zare, jijiyoyin jini da na ji. Idan ka cije, haƙorin yana nutsewa kaɗan, tsakanin maikiron 25 zuwa 100, sannan ya dawo. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Gindin dashe ba shi da wannan tantani. Ƙashi ne ke girma ya rungume shi kai tsaye, abin da Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya gano, har ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe a 1965. Motsin gindin a tsaye bai wuce maikiron 3 zuwa 5 ba. Kamar bambancin turken da aka kafa cikin ƙasa ne da wanda aka zuba wa kankare: na farko yana ba da kai idan an ja shi, na biyu sai dai wani abu ya karye.

Tantanin nan yana da aiki na biyu. Shi ne ke sa ka ji tsakuwa a cikin wake tun kafin ka gama rufe baki, muƙamuƙi ya saki nan take. Dashe ba ya aika wannan saƙo da wuri, sai nauyin ya yi yawa sannan ƙwaƙwalwa ta sani.

A ƙara da lokaci. A tauna da haɗiya na yini guda, haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa ba ta kai minti 20 ba, kuma yawancin nauyin a tsaye yake sauka. Mai cizon haƙora yana gurza su gefe da gefe, dare bayan dare, baki babu abinci a tsakani. Turawa ta gefe ita ce abin da kusa da wuyan dashe suka fi ƙi.

Ta yaya zan tabbatar ina yi, tunda barci nake?

Shaidar abokin kwana ta fi komai sauƙi. Bayan ita, likita yana duba kan haƙora ko sun cinye sun yi sumul suna sheƙi, musamman fiƙa da ta rasa tsininta. Yana duba gefen harshe ko da shatin haƙora, da cikin kumatu ko da farin layi a daidai inda haƙora ke haɗuwa. Yana taɓa tsokar muƙamuƙi ya ce ka cije, ya ji ko ta yi kauri fiye da kima. Zai tambaye ka ko kana tashi da gajiyar muƙamuƙi, ko ciwon kai a tsakanin ido da kunne, ko cikon haƙori yana yawan faɗuwa.

Cinyewar haƙora kaɗai ba hujja ba ce cewa kana yi yanzu; tana iya zama ta shekarun baya, ko kuma tsamin ciki da lemon kwalba ne suka zaizaye su. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne na kwana a ɗakin binciken barci, amma ba kowa ke buƙatarsa ba. Hanya mai araha ita ce a yi maka garkuwar dare, wato murfin roba da ake sawa kan haƙora lokacin barci, ka sa ta makonni kaɗan. Idan kana cizo, shatin zai fito a kanta ƙarara.

Akwai kuma masu datse haƙora ido biyu, wajen tuƙi, gaban kwamfuta ko cikin ɓacin rai. Waɗannan sun fi masu yi cikin barci yawa. Na barci ya kai kusan mutum 1 cikin 10 na manya.

Me ke jawo shi? An ce tsutsar ciki ce.

Maganar tsutsa ta yaɗu, musamman game da yara, amma babu ƙwaƙƙwarar hujja a kanta, kuma shan maganin tsutsa ba zai kare dashenka ba. Cizon cikin barci daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, yawanci a 'yan daƙiƙoƙin da barci ke yin sama-sama ba tare da mutum ya farka ba. Abubuwan da ke ƙara shi sun haɗa da damuwa, taba, giya, da duk abin da ke ɗauke da sinadarin kafin (caffeine): kofi, shayi mai kauri, lemon ƙarin kuzari, da goro. Wasu magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine, sertraline da paroxetine suna tayar da shi ga wasu mutane. Kada ka daina sha da kanka, ka gaya wa likitan da ya rubuta. Ƙwannafin dare da ɗaukewar numfashi cikin barci su ma suna tafiya tare da shi. Mai minshari mai ƙarfi da ke tashi a gajiye yana gyangyaɗi da rana ya faɗi haka tun a zaman farko, domin yana shafar irin garkuwar da za a yi masa.

Wane sashe ne ke fara lalacewa?

Yawanci daga sama ake farawa a gangara. Da farko tangaran ɗin da aka shafe hula da shi yana ɓantarewa. Wannan ɓacin rai ne kawai, ana goge wurin ko a sake hular.

Sai kusar ɗauri ta kwance. Ana ɗaure ta ne da ma'aunin murɗi, yawanci tsakanin Ncm 25 zuwa 35 gwargwadon umarnin kamfanin, har ta ɗan miƙe ta matse wuya da gindi. Kowace turawa ta gefe tana rage wannan matsi kaɗan-kaɗan. Idan ta kwance aka ci gaba da tauna a kai, tana lanƙwasa gaba da baya har ta karye, guntun ya maƙale cikin gindin. Fitar da shi aiki ne na haƙuri, wani lokacin zaren cikin gindin ya lalace wajen ƙoƙarin.

Mafi muni shi ne gindin kansa ya tsage. Ba kasafai ake ganin haka ba, ya fi faruwa ga siririn gindi da aka sa a wurin turmi, musamman idan ƙashin da ke kewaye da samansa ya zaizaye. Gindin da ya tsage ba ya gyaruwa. Sai an yanke shi daga ƙashi da wani bututu mai haƙora, a cike ramin, a jira watanni, a sake.

Game da zaizayar ƙashi kuwa, masana ba su gama daidaitawa ba kan ko nauyi shi kaɗai yana cin ƙashin da ya riga ya kama gindi. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, idan dauɗa ta sa dasashi ya kumbura a kewayen dashe, nauyin cizo yana hanzarta ɓarnar. Kada kuma a manta da haƙorin da ke fuskantar dashen. Sau da yawa dashen yana nan daram, haƙorin asali da ke gogayya da shi ne ke tsagewa.

Haɗarin ya kai nawa?

Wani bincike da aka yi a birnin Malmö na Suwidin, aka wallafa a 2016, ya bi dashe sama da 3,500. A bakin waɗanda ba sa cizo, kusan kashi 5 cikin 100 ne suka lalace. A bakin masu cizo, kashi 13 cikin 100. Wato haɗarin ya kusa ninki uku, amma har a cikin masu cizon, mafi rinjaye dashensu ya tsaya.

Me likita zai canza a tsarin aikin?

Abu na farko hoton ƙashi mai nuna kauri, wanda ake kira CBCT, domin hoton baki na yau da kullum tsawo kawai yake nunawa. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓe, ana barin aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙarshen gindi. A sama akwai kogon da ke bisa saiwoyin turame.

Sai kauri. Gindi yana zuwa daga kusan milimita 3 zuwa 6 a faɗi. A wurin turmi, ga mai cizo, ana neman milimita 4.5 zuwa 5 idan ƙashi ya isa, domin kauri ne ke hana tsagewa, ya fi tsawo tasiri a nan. Idan ƙashin ya yi siriri, gara a ƙara ƙashi a jira wata 4 zuwa 6 da a cusa siririn gindi don gudun jira. Ana barin milimita 1.5 tsakanin gindi da haƙorin kusa, da milimita 3 tsakanin gindi biyu.

Sai yawa. Inda za a ɗora haƙora uku kan gindi biyu ga wani, mai cizo ana iya ba shi uku, a haɗe hulunan su zama abu ɗaya don su raba nauyi. Abin da ake ƙi ƙwarai shi ne haƙorin da aka rataya a ƙarshen layi babu gindi a ƙarƙashinsa, domin duk cizon da ya sauka a kansa yana ɓanɓarar kusar da ke kusa da shi. Haka nan ba a son haɗa dashe da haƙorin asali cikin gada ɗaya, wato jerin huluna da aka haɗe, tunda ɗaya yana nutsewa ɗaya ba ya yi.

A ƙarshe sai daidaita cizo, wanda a ganinmu shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana yin saman hular da ɗan ƙunci, tudun kanta ba masu tsini ba. Idan ka rufe baki a hankali, haƙoran asali ne ya kamata su fara haɗuwa, hular dashe ta taɓa sai ka cije da ƙarfi. Idan ka zame muƙamuƙi hagu, dama ko gaba, kada ta taɓa komai. Likita yana gwada wannan da takarda mai launi da wata siririyar leda mai kaurin maikiron 8 zuwa 12: a cizo mai sauƙi ledar ta zare daga kan dashen, ta maƙale a kan haƙoran kusa.

Wace irin hula ta fi dacewa?

A turame, zirkoniya (wani farin abu mai tauri sosai) zalla wadda aka sassaƙa daga dunƙule ɗaya babu tangaran a kai, ko kuma hular ƙarfe zalla ga wanda bai damu da launi ba. Hular zinariya ta haɗin likitanci tana da kirki ga haƙorin da ke fuskantarta, tsada ce matsalarta. Idan an sa zirkoniya kuma aka karce ta wajen daidaita cizo, dole a goge ta ta yi santsi sosai. Zirkoniya mai santsi ba ta cin haƙorin gaba da yawa, mai kaushi kuwa tana cinye shi.

Wajen ɗaurawa hanya biyu ce: a liƙa da siminti, ko a ɗaure da kusa ta wani ɗan rami a saman hular sannan a toshe ramin da ciko. Ga mai cizo mun fi son ta kusa. Ranar da ta kwance, likita ya buɗe cikon, ya ɗaure, ya rufe, cikin minti kaɗan. Wadda aka liƙa kuwa sau da yawa sai an huda ta ko an fasa. Ragowar siminti da ya ɓuya ƙarƙashin dasashi kuma sanannen abu ne wajen jawo kumburi.

Na ga ana tallan haƙori a rana ɗaya. Ya dace da ni?

Yawanci a'a. A makonnin farko zaren gindi ne kawai ke riƙe da ƙashi. Tsakanin mako na 2 zuwa na 4 riƙon yana raguwa, domin tsohon ƙashi yana narkewa sabo bai gama kamawa ba. Idan gindin ya yi ta girgiza a wannan lokaci, nama ne zai kewaye shi maimakon ƙashi, kuma shi ke nan ya tashi aiki. Mai cizo ba shi da ikon hana kansa cikin barci. Abin da ya fi aminci shi ne a rufe gindin a bar shi, kusan wata 3 a ƙasa, wata 4 zuwa 6 a sama inda ƙashi ya fi laushi. Idan giɓin a gaba yake, ana iya yin haƙorin wucin gadi da bai hau kan gindin ba.

Dole ne in riƙa kwana da garkuwa?

E, kowane dare, muddin dashen yana bakinka. Garkuwa ba ta hana cizon. Tana raba nauyin ne kan haƙora duka, ta sa su zame a kan shimfiɗa mai santsi, ita ta cinye a madadinsu.

Mai kyau ita ce ta roba mai tauri da ake yi bisa awon bakinka bayan an sa hula ta ƙarshe, mai kaurin kusan milimita 2 a wajen turame, wadda ta rufe haƙoran muƙamuƙi ɗaya gaba ɗayansu. Likita yana ɗan rarake cikinta a daidai dashen don kada ta danne shi. Wadda ta rufe rabi kawai tana iya sa haƙoran da aka bari su tsiro su canza cizo. Tsohuwar garkuwarka ta kafin dashe ba za ta zauna daidai ba, kada ka tilasta ta.

Ta kantin magani mai laushi da ake tsomawa a ruwan zafi a cije ba ta wadatar. Ba a iya daidaita ta, kuma wasu mutane tauna ta suke yi, tsokar ta ƙara aiki. Mai ɗaukewar numfashi cikin barci kuma garkuwar sama tana iya ƙara masa matsalar, don haka a fara da binciken barcin.

A wanke ta da safe da buroshi da sabulun ruwa, da ruwan sanyi. Ruwan zafi da ajiya cikin mota a rana suna murɗe ta.

Allurar Botox fa?

Allura ce mai sassauta tsoka. Ana yin ta a tsokar muƙamuƙi ta kowane gefe, ta rage ƙarfin cizon na kimanin wata 3 zuwa 4. Ƙarfi take ragewa, ba yawan lokutan da mutum ke yi ba. Tana da amfani ga mai cizo mai tsanani, musamman a watannin warkewa, amma ba ta maye gurbin garkuwa. Idan ta bazu zuwa tsokar kusa, murmushi yana karkacewa na wasu makonni.

Na ji haƙorin yana motsi. Me zan yi?

Ka daina tauna da wannan gefe, ka ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ka riƙa gwada shi da harshe ko yatsa. Mafi yawan lokuta kusa ce ta kwance: za ka ji ɗan ƙas-ƙas, wataƙila da wari, ba tare da ciwo sosai ba. Idan kusar ta lanƙwasa ana canza ta da sabuwa. Idan ta kwance karo na biyu, ɗaurewa kawai ba ta isa ba, sai an sake duba cizon da zaman wuyan. Motsi tare da ciwo, jini ko mugunya yana nuna gindin ne, hoto ne zai raba gardama.

Akwai abin da zan daina ci?

Fasa ƙashi don ɓargo, tauna ƙanƙara, buɗe kwalba da haƙori, gatsar goruba, ɓare rake da baki, da busasshiyar aya. Kilishi da ganda a yanka ƙanana. Goro ya haɗa biyu, ga tauri ga sinadarin kafin. Wanda ba zai iya bari ba ya guje shi daga la'asar zuwa dare. Cingam yana ƙara wa tsokar da ta riga ta gaji aiki. Da rana kuma ka riƙa lura: idan ba ci kake ko magana ba, leɓɓa a rufe, haƙora a rabe.

Ina so in je Masar, Turkiyya ko Indiya a yi min. Da matsala?

Aikin yana iya yin kyau ƙwarai. Abin dubawa shi ne wa zai ɗaure kusar idan ta kwance bayan ka dawo gida. Kamfanonin dashe suna da yawa, kowanne da siffar kusarsa da abin murɗa ta, na Straumann ba lallai ya shiga na Nobel Biocare ko Osstem ba. Kafin tafiya ka tambayi likitan da zai riƙa duba ka a gida wane iri yake da kayansa. Kafin dawowa ka karɓi takarda mai sunan kamfani, samfuri, faɗi da tsawon kowane gindi, da ma'aunin murɗin kusar, da kwafin hotuna. Ka yi lissafin tafiya biyu, ta dasawa da ta ɗora hula. Duk wanda ya ce zai gama maka komai cikin mako ɗaya bai kuma tambaye ka ko kana cizon haƙora ba, ka nemi wani.

Wane ne ya kamata ya dakata?

Mai ciwon dasashi da ba a yi maganinsa ba, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan taba da yawa, da matashin da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, wato ƙasa da shekara 18 ko sama da haka kaɗan. Masu shan maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronate, ko allurar zoledronate da denosumab, da wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji, sai an yi shawara ta musamman. Wanda ya san ba zai sa garkuwa ba ya faɗi gaskiya tun farko, a duba masa gada ko haƙoran cirewa. Idan kuma turmin can ƙarshe ne kaɗai ya fita sauran suna lafiya, barin giɓin ma zaɓi ne, domin nan ne nauyin cizo ya fi yawa.

Bayan an gama, sau nawa zan koma?

Duk wata 6, ka tafi da garkuwarka. Haƙoran asali suna ci gaba da cinyewa da matsawa, dashe kuwa yana inda aka kafa shi, don haka hular da aka daidaita bara tana iya zama ita ce ke fara taɓawa bana. Likita zai sake gwada cizon, ya duba dasashi ko yana jini, ya ɗauki hoto a shekarar farko don a samu abin kwatance. Raguwar ƙashi ta kusan milimita 1 a shekarar farko ba abin tsoro ba ce. Bayan nan kada ta wuce milimita 0.2 a shekara. Garkuwar da ta huje, ta tsage ko ta daina kama haƙora sai a yi sabuwa.